Fatma Aliye da Masu Ganin Ba Ta Cancanci Takardar Lira 50 Ba

Tun ranar 1 ga Janairun 2009 da Babban Bankin Turkiyya ya fitar da takardar lira 50 mai ɗauke da hoton marubuciya Fatma Aliye, wasu daga cikin masu ra'ayin raba addini da gwamnati ba su daina ƙorafi ba. A cewarsu, gwamnatin jam'iyyar AKP ce ta tono wata mata mai lulluɓi da aka manta da ita, ta fifita ta a kan marubuciya Halide Edip, wadda ta tsaya tare da Mustafa Kemal Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, a yaƙin 'yancin ƙasar. A wancan lokaci takardar ta haura dala 30, yau ba ta kai dala biyu ba, amma ƙorafin bai rage daraja ba. Wannan magana tana ba ni haushi, domin akasarin masu yin ta ba su buɗe littafinta ko guda ba.

An haife ta a Santambul a 1862. Mahaifinta Ahmed Cevdet Pasha ne, masanin tarihi kuma shugaban kwamitin da ya tsara kundin dokokin Daular Usmaniyya da ake kira Mecelle. Masu suka nan suke fara kafa hujja, wai 'yar gata ce. Gatan nata kuwa shi ne ta zauna gefe tana sauraron darussan da ake koya wa yayanta namiji, har ta ƙware a Larabci da Faransanci. Tana da shekara 17 aka aurar da ita ga wani hafsan soja, Faik Bey, wanda a shekarun farko na zamansu ya hana ta karanta littattafan ƙagaggun labarai. Duk wanda ya san yadda ake kallon macen da aka gani da littafin soyayya a hannu, ko a Kano ne, ya san nauyin wannan hani.

Da ta samu dama a 1889, ta fassara wani labari na marubucin Faransa Georges Ohnet, ta sa masa suna Meram, ta kuma sa hannu da "Wata Mace" kawai. Mutane da yawa suka ƙi yarda mace ce ta yi aikin, suka ce na mahaifinta ne ko na yayanta. Shekara uku bayan haka ta fitar da littafin labarinta Muhadarat da sunanta ɓaro-ɓaro, kuma daga 1895 zuwa 1908 tana rubutu a Hanımlara Mahsus Gazete, jaridar da aka kafa domin mata. Ko a nan aka tsaya, ta wuce a ce sa'a ce ta kai ta bayan takardar kuɗi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ta rubuta. A littafinta Refet, yarinya marainiya mai fama da talauci ta jure har ta kammala makarantar horar da malamai mata, ta riƙe kanta da albashinta. A littafinta Udi na 1899, wata mata mai suna Bedia ta gano mijinta yana cin amanarta, ta bar shi, ta ci gaba da rayuwa da koyar da kiɗan molon Larabawa da mahaifinta ya koya mata. A cikin al'ummar da ke ganin abincin mace yana hannun uba ko miji ko ɗan'uwa, marubuciyar da ta maimaita cewa mace ta mallaki sana'ar da za ta ci da kanta ba mai lallashi ba ce. Lokacin da malami Mahmud Esad ya yi rubutu yana kare auren mace fiye da ɗaya, ita ce ta mayar masa da martani a rubuce, da hujjoji daga fiƙihu da tarihin Musulunci, fagen da yake ganin nasa ne. A 1897 kuma, bayan yaƙi da Girka, ta kafa ƙungiyar mata mai taimaka wa iyalan sojoji.

Laifinta a wurin masu suka guda ɗaya ne: ta nemi haƙƙin mata daga cikin addininta, kuma a littafinta Nisvan-ı İslam ta kare matan Musulmi daga ƙagen matafiyan Turai. Su kuwa sun ɗauka 'yancin mata a Turkiyya ya faɗo ne daga sama a 1923, shekarar da aka kafa jamhuriya. Wannan girman kai ne, kuma jahilci ne da suka jawo wa kansu, domin sauya haruffan rubutu daga na Larabci zuwa na Latin a 1928 ya sa 'ya'yansu ba sa iya karanta abin da kakanninsu mata suka bari. Suka rufe ƙofar da hannunsu, sannan suka ce ɗakin babu kowa. Masu ra'ayin riƙau da ke tallata ta a matsayin uwar gida mai ladabi da biyayya su ma sai su je su karanta Udi kafin su sake magana.

Ba a rage wa Halide Edip komai ba don an karrama wadda ta riga ta da shekara ashirin a fagen rubutu. Abin da ya kamata ma'aikatar ilimin ƙasar ta yi shi ne ta sa littattafan Fatma Aliye cikin manhaja da sauƙaƙan Turkanci, a kuma fassara su zuwa wasu harsunan Musulmi. Littafinta na ƙarshe, a kan rayuwar mahaifinta, ya fito a 1914. Ta shafe ragowar shekarunta cikin rashin lafiya da neman 'yarta İsmet, wadda ta bar gida ta shiga gidan zuhudu na Katolika. Fatma Aliye ta rasu a Santambul a ranar 13 ga Yulin 1936.