Jakar da aka ce ki ajiye

'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah. Hoton gawar wani yaro ɗan daba yana ta yawo, jini ko bushewa bai yi ba, amma sai "Allah ya ƙara" da "su ci gaba da kashe junansu" kake ji. Mai faɗin haka kuwa, in nasa ɗan ne ya faɗo gida tsakar dare yana haki, shi zai buɗe masa ƙofar baya, da safe ya rantse wa 'yan sanda cewa yaro ya yi tafiya tun makon jiya. Ɗan wani a harbe shi, namu a rufa masa asiri.

Yaro ba ya kwana ya tashi da bindiga a hannu. Da aike ake farawa, sayo sigari, kai saƙo. Daga nan a tsayar da shi bakin layi, in ya hango motar 'yan sanda ya yi fito. Sai a saya masa waya, kuma bashi ce ko ba a faɗa ba. Sannan ajiya. Manyan daba ba sa kwana da makami a ɗakinsu. Ƙaramin yaro suke ba wa, ko budurwa, ko uwa, don ba a cika zarginsu ba, hukuncin yaro kuma ya fi sauƙi. "Ajiye min jakar nan, kar ki buɗe." Uwa, kin ɗaga ta, kin ji nauyin ƙarfe, kin tura ta ƙarƙashin gado ba ki ce uffan ba. Wallahi kin sani.

Na san so ne. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah ya la'anci mai ba wa maɓarnaci mafaka, kuma ya ce taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Doka ma ba ta raga wa mai ajiya: a ƙasashe da yawa riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai zaman kansa, kuma wanda ya tuƙa babur da wanda ya yi gadi ana tuhumarsu da kisan tare da wanda ya harba.

Ku kuma masu cewa su ƙarar da junansu, harsashi bai san sunan kowa ba. Yana ratsa ƙofar katako da kwanon rufi, wanda aka harba sama yana dawowa ƙasa. In ya tsinka babbar jijiyar cinya, cikin 'yan mintuna jini yake ƙarewa, ko ɗan daba ne ko yarinyar da aka aika. Kowace gawa kuma bashi ce a wurin abokan mamacin. A wurin zaman makoki ake ƙulla ramuwar gayya, mu muna karɓar gaisuwa, su suna raɗa a gefe. A kwanakin nan ne ya kamata dattawa su zaunar da su, ba bayan an kai gawa ta biyu ba.

An gwada haka a Boston ta Amurka a 1996. Bincike ya nuna 'yan daban ba su wuce kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba, amma fiye da rabin kisan matasa daga rikicinsu yake. Sai 'yan sanda da limaman coci da masu aikin unguwa suka riƙa kiransu ido da ido: wanda ya sake harbi, hukunci zai hau kan ƙungiyarsa gaba ɗaya, wanda yake son fita, ga hanya. Kisan matasa ya ragu ƙwarai.

Uwa, in jakar tana ɗakinki yanzu, kar ki buɗe ta, bindiga tana iya tashi a hannun wanda bai san ta ba. Kar ki jefa ta rijiya, kar ki mayar wa abokan ɗanki. Nemi lauya ko dattijon da ake jin maganarsa, a sanar da hukuma ta zo ta ɗauka. Don Allah yau, kar ki bari sai gobe.