Maza da Mata da Giya a Jami'o'in Amurka: Da Wane Mudu Aka Auna?

Jama'a, duk lokacin da aka jefo alƙaluman shan giya na ɗaliban Amurka, sai ka ga wasu sun yi caa, wannan ya ce ai maza ne mashaya, wancan ya ce mata sun fara kamo su. Ni tambayata ita ce mudun da aka auna.

A 1993, Henry Wechsler na Jami'ar Harvard ya tambayi ɗalibai sama da 17,000 a jami'o'i 140. Kashi 44 cikin ɗari suka amsa cewa sun kwankwaɗi giya fiye da kima cikin makonni biyu kafin a tambaye su: maza kashi 50, mata kashi 39.

Sai dai ba layi ɗaya aka ja musu ba. Namiji sai ya kai awo 5 a zama ɗaya, mace kuwa 4 ya ishe ta shiga lissafi. Awo ɗaya a can shi ne giram 14 na tsantsar barasa, kusan gwangwanin giya mai mililita 355. Dalili kuwa, galibi jikin mace bai kai na namiji nauyi da yawan ruwa ba, don haka barasa ta fi saurin taruwa a jininta. A 2004 cibiyar binciken barasa ta gwamnatin Amurka, NIAAA, ta ɗauki wannan rabon na 5 da 4, tana maganar sha cikin kamar awa biyu.

Shi kuwa binciken Monitoring the Future na Jami'ar Michigan, awo 5 ya daɗe yana sa wa kowa, mace da namiji. Ka ga ke nan budurwar da ta sha 4 ta fita daga lissafi, tazarar da ke tsakanin maza da mata ta ƙaru, alhali babu wanda ya canja hali. Wanda ya jera sakamakon binciken biyu yana kwatantawa kai tsaye, wallahi yaudarar kansa yake yi.

A ganina 5 da 4 ya fi adalci, tunda illa ake nema, ba yawan gwangwani ba. Amma shi ma da sauransa. Tambayar "e ko a'a" ce, wanda ya sha 5 da wanda ya sha 15 duk rukuni ɗaya aka zuba su, kuma masu irin wannan shan na fitar hankali maza sun fi yawa a cikinsu. Ga shi ɗalibin ne da kansa ke faɗin abin da ya sha, mutumin da wataƙila bai ma tuna yadda ya koma ɗaki a daren ba.