Guguwar Amurka ba za ta zo Legas ba, amma kwanonmu na yayewa

Duk lokacin da damina ta kawo kai, sai wani ya turo saƙon murya a guruf ɗin 'yan kasuwa wai mahaukaciyar guguwa irin ta Amurka tana tafe Legas, kowa ya rufe shago. Don Allah jama'a mu daina yaɗa wannan. Legas tana dab da layin tsakiyar duniya, digiri 6 da 'yan kai, inda juyawar ƙasa ba ta cika murɗa iska ta zama irin waccan guguwa ba. Da yawa daga cikin masu afka wa Amurka ma daga hadarin Afirka ta Yamma suke farawa, su faɗa teku ta wajen Senegal su nausa yamma.

Abin da ya dace mu ɗauka wurin masu hasashenta shi ne yadda suke auna iska. Hanyar da guguwa za ta bi sun ƙware a kai sosai, ƙarfinta ne ke ba su wuya har yau. A Oktoban 2023 guguwar Otis ta tashi daga mai sauƙi zuwa mataki na 5, wato sama da kilomita 252 a awa, cikin kusan kwana guda, ta auka wa Akapulko a Meziko mutane ba su gama shiri ba.

Kuma lambar da ake sanarwa matsakaicin gudu ne, na minti 1 a Amurka, na minti 10 a wasu ƙasashe. Mai ɓarnar ita ce fizgar daƙiƙa 3. Da iska ta hau tudu, gine-gine da itatuwa sukan rage mata gudu, amma sai su hargitsa ta, fizgar ta yi wa matsakaicin nisa. Shi ya sa za ka ga layi ɗaya, wannan gida lafiya lau, na kusa da shi babu rufi.

Mu a nan hadarin Maris da Afrilu ne ke tasowa daga gabas, kafin ka tattara kaya ya kifar da rumfa a kasuwar Mile 12, ya karya allon talla a kan titi. In NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta yi gargaɗin iska, ni fizgar nake nema, ba matsakaici ba. Alhaji mai rumfa, tsohuwar taya da bulo a kan kwano ba ɗauri ba ne. Kira kafinta tun Fabrairu ya ƙara ƙusa, ya duba katakon da gara ta ci.