Tattakin Iyali a Bakin Tafkin Bosumtwi da Abin da Ya Sami Maigida

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ya san Tafkin Bosumtwi, domin tsakaninsa da gari kimanin kilomita 30 ne ta kudu maso gabas, kuma makarantu sun saba kwasar ɗalibai su kai su can yawon buɗe ido. Sai dai yawancinmu iyakarmu da shi mu sauka daga mota a ƙauyen Abono, mu ci soyayyar karfasa, mu ɗauki hoto, mu koma gida kafin la'asar. Hanyoyin ƙafa da suka bi gaɓar ruwan suna haɗa ƙauye da ƙauye ta cikin gonakin koko da agade da rogo kuwa, Turawa masu jaka a baya muka bar wa su. Da na ji ana ta yabon hanyoyin nan, wai masu sauƙi ne har yara da tsofaffi suna bin su ba tare da wahala ba, sai na sanar a gida cewa iyalina ma za su taka, kuma ni ne zan ja gaba. Uwargida ba ta musa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, in mutum ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota.

A lokacin surukata ta zo mana ziyara daga Bawku, kuma babu yadda za a yi a fita a bar ta ita kaɗai a gida. Na nuna damuwa ƙwarai game da ƙafafunta, har na ja uwargida gefe na ce mata za mu riƙa tafiya a hankali saboda Inna. Saboda Innar ce kuma na sa sabuwar farar shaddata da takalmi sau-ciki, tunda ba ya kyautuwa mutum ya fita da surukarsa cikin gajeren wando irin na masu yawon duniya.

Bayan an wuce Kuntanase hanya takan hau tudu, sannan ta fara gangarawa tana lanƙwasa, sai ga tafkin can ƙasa a zagaye da duwatsu masu duhun itatuwa, kamar ruwa a gindin ƙwarya. A nan na ga dama ta samu, na fara karanto wa jama'ar mota abin da na haddace. Na gaya musu cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi, ruwa ya taru a ciki ya zama tafki mai faɗin kimanin kilomita 8 da zurfin da ya kusa mita 80. Na ƙara da cewa babu kogin da yake fita daga cikinsa, cewa masana sun tsinci narkakkun duwatsun da faɗuwar ta watsa har a ƙasar Kodebuwa, kuma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin yankunan da ake kiyaye halittunsu. Inna ta ce ikon Allah, sannan ta tambayi 'yarta ko busasshen kifi yana da araha a nan. Auta shi kaɗai ya saurare ni da kyau, kuma sakamakon haka ya ƙi fitowa daga mota sai da na tabbatar masa cewa ba a sa ran wani dutsen a ranar.

Wajen rabon kaya ne na fara fahimtar inda sauƙin hanyar yake. Yara suka ruga gaba hannu rabbana, uwargida ta rataya ƙaramar jakarta, Inna ta riƙe carbinta. Kular wake da shinkafa, da jarkar ruwa, da tabarma, da buta, da darduma, duk suka tsaya suna duban maigida. Gaskiya ne hanyar tana da daɗi: akwai inuwa, ƙauyukan ba su da nisa da juna, mutanen wurin masu fara'a ne, kuma yara sun ga yadda 'ya'yan koko suke fitowa a jikin kututture, abin da ba su taɓa gani a unguwarmu ta Aboabo ba. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, hanyar ba kullum take bin bakin ruwa ba. Takan bar gaɓa ta hau gangaren dutse ta sake sauka, kuma iskar cikin ramin mai nauyi ce, gumi ba ya bushewa a jiki.

Inna kuwa, wadda na ce za a yi tafiya a hankali dominta, tun a hawan farko ta wuce ni. Mace ce da ta yi ƙuruciyarta tana zuwa kasuwannin ƙauye a ƙafa da tulin kaya a ka, saboda haka wannan tattaki a wurinta miƙe ƙafa ne kawai. Nakan hango mayafinta can gaba, ta tsaya tana gaisawa da manoma da ɗan yaren Asantawan da take ji, in na kusa isowa ina haki sai ta ce da 'yarta, “A ce wa Malam kada ya matsa wa kansa, muna jiransa.” A ƙauye na farko ta yi ciniki ta sayi nonon agade guda cur, domin ta ce rabin kuɗin Kumasi ne. Ta sunkuya za ta ɗauka, ni kuma kunya ta sa na yi wuf na ce, “Haba Inna, ina tsaye?” Ba ta ja maganar ba ko kaɗan. Jim kaɗan auta ya ce ƙafarsa ta gaji, aka ɗora mini shi a wuya. Duk wanda na tambaya nisan ƙauye na gaba sai ya nuna da leɓe ya ce nan kusa ne.

Da rana ta take muka sami gindin wata babbar bishiya kusa da ruwa. Na shimfiɗa musu tabarma, ni kuma na koma gefe na zauna a kan wani ruɓaɓɓen icce na ba su baya, tunda ba zan ci abinci a gaban surukata ba. Ban kai loma ta uku ba na ji cizo a ƙwauri, sannan a gwiwa, sannan a wuraren da ba a ambata a rubutu. Ashe a kan layin kwarkwasa na sa ƙafa. Wanda ya san kwarkwasa ya san ba a kakkaɓe ta, sai an tuɓe an cire ta ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma Inna tana zaune taku kaɗan daga inda nake. Na miƙe cikin natsuwa gwargwadon iko, na yi taku biyu irin na dattawa, na uku kuwa gudu ne, ban tsaya ba sai cikin tafki har gwiwa.

“Malam, lafiya?” in ji uwargida.

A daidai wurin akwai wani masunci da yaronsa suna gyaran koma. Masuntan Bosumtwi ba sa shiga kwalekwale. Tafkin yana da tsarki a al'adar Asantawa, don haka tun kaka da kakanni a kan wani faffaɗan katako da suke kira padua suke kamun kifi, mutum ya hau ya zauna yana tuƙi da hannuwansa. Da na rasa abin da zan faɗa, sai na amsa da ƙarfi cewa katakon nan nake so in duba, domin in yi wa yara bayani. Masuncin, mutumin kirki, ya ji daɗi ƙwarai, ya turo mini katakon ya ce in hau. Yara suka taso suna tafi. Inna ma ta gyara zama.

Na hau, kuma na rantse na zauna daidai yadda ya nuna mini. Ya ɗan tura ni gaba, katakon ya yi shiru na ɗan lokaci yana nazarina, sannan ya juya. Abin da ya faɗo mini a rai a cikin ruwan nan shi ne mita 80 ɗin da na faɗa da bakina a mota. Na yi ta dukan ruwa ina salati da kalmar shahada, ina kiran a kula da yara, har na ji yaron masuncin yana ta maimaita wata kalma da yarensu. Uwargida ce ta fassara mini daga gaɓa: “Cewa yake ka miƙe tsaye!” Na miƙe, ruwan ya tsaya mini a ƙugu. Kwarkwasa dai ta sake ni, amma taɓo ya riƙe takalmin dama, kuma har yau yana can.

Farar shadda ta koma ruwan ƙasa, ta manne a jiki yadda ba zan iya tsayawa gaban kowa ba. Uwargida ta ciro zanen da ta zo da shi na goyo, atamfa mai manyan furanni, masuncin ya kai ni bayan wata bukka ya yafa mini shi irin yafen dattawan Asantawa, a kafaɗar hagu, ta dama a buɗe. Inna, ba tare da ta dubi inda nake ba, ta tuɓe silifas ɗinta ta ba 'yarta ta miƙo mini, ta naɗe gammo, ta aza nonon agade da kula a ka, ta kama hanya ba takalmi. Haka muka komo Abono, ita a gaba, ni a baya diddigena yana jan ƙasa, matasa a kowane ƙauye suna rusunawa suna ce mini Nana, wato laƙabin girmamawa na sarakuna da dattawan Asantawa, yara kuma suna amsa musu a madadina.

Washegari da asuba cinyoyina suka ƙi lanƙwasuwa, dole na yi salla a kan kujera a ƙarshen sahu tare da tsofaffin unguwa, waɗanda bayan sallama suka kewaye ni da addu'ar Allah ya sa kaffara ne, wani har ya yi mini kwatancen mai maganin sanyin ƙashi a Asawase. Da na dawo gida na tarar da Inna tana suyar agade a tsakar gida. Na durƙusa iyakar inda gwiwa ta yarda na gaishe ta, ta amsa, sannan ta juya wajen 'yarta.

“Ki tambayi Malam,” ta ce, “masuncin nan ya gaya mini ana zagaye tafkin gaba ɗaya a yini guda in an yi sammako. Ko zai samu sarari kafin in koma Bawku?”