Injin shara: lambar da ke jikin kwali ba ita ce ƙarfinsa ba

Wai don Allah waye ya fara gaya wa mutane cewa yawan wat shi ne ƙarfin injin shara? Ni ma da haka na ɗauka sai da kuɗina suka yi ciwo. Lokacin haɗa kayan ɗakin ƙanwata na shiga wani shago, mai shagon ya ɗaga min wani jibgegen kwali ya ce Hajiya wannan wat 2200 ne, ko tsakuwa zuƙewa yake, ni kuma na ga lamba ta cika ido na biya ko tayi ban yi sosai ba. Ranar da amarya ta jona shi a ƙaramin janaretonsu mai wat 950 sai janareto ya yi tari sau biyu ya mutu mus.

Wat ɗin nan fa wutar da injin yake sha ce kawai, ba ƙarfin zuƙarsa ba. Kamar mota ce, shan mai daban gudu daban. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar da wanda ya wuce wat 1600 a 2014, a 2017 kuma suka sauko da shi 900, kuma kafet ɗinsu bai daina fita tas ba, kamfanoni ne kawai suka koma gyara moto da hanyar iska. Mu da muke lallaɓa inbata da sola ai mu muka fi kowa buƙatar mai ƙaramin ci.

In zuƙa kike so ki nemi inda aka rubuta Pa (wato faskal) ko kPa, ko kuma AW (wato wat na iska), su ne ma'aunin ƙarfin zuƙa. Faskal dubu shi ne kPa ɗaya, to kar wani ya ruɗe ki da 9000 Pa alhali na gefensa an rubuta 20 kPa, na gefen ya ninka shi har da ɗoriya.

Sai bolt, wato lambar V ta ƙarfin wuta, kuma nan ne masu son na gwanjo suke kwana ciki. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. Ki duba 'yar takardar da ke manne a ƙasan injin kafin ki biya, in kika ga 120V kika jona kai tsaye ƙauri kawai za ki ji. Na Ingila ba matsala, wutarmu ɗaya har bakin soket ɗin ma iri ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar matatar ƙura, wato filta, don kusan ba mai tambaya. Ƙurar hunturu kamar fulawa take, injin da matatarsa ba ta da kyau zai zuƙe ta ta gaba ya feso miki ita ta baya, ki gama shara ki ga gilashin talabijin ya yi fari yara suna atishawa. Matatar da ake kira HEPA, in ta gaske ce, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3, waɗanda ido ba ya iya gani, in akwai mai asma a gida ita za ki nema. Amma ki karanta da kyau, wasu suna rubuta wai mai kama da HEPA ce, wannan wayon 'yan talla ne.

Mai jaka ko mara jaka kuwa ni mara jaka nake zaɓa, don jakar in ta ƙare sai ki zaga kasuwa ba ki samu daidai da injinki ba. Illarsa dai wajen juyewa ne, ki fita tsakar gida ki rufe hanci.

Masu batir su ma akwai tasu, mintuna 60 ɗin da ake rubutawa a mafi ƙarancin ƙarfi ne, ki ƙure shi ki ga ko zai kai kwatan awa. In ɗakin tayil ne ko leda ya wadatar, amma kafet mai kauri bango da bango gaskiya mai waya ya fi.

Na ƙanwata dai yana nan a bayan kujera an lulluɓe shi da zani, sai ranar da aka kawo wuta ake fito da shi, sauran ranaku tsintsiyar kwakwa ce take aiki.