Mai Rubuta Wa Kanta Wasiƙa

Na so in yi shiru kamar yadda na saba, domin shekara biyu ke nan ina haɗiye magana, amma abin da aka rubuta daren jiya ya kai matakin da shiru zai zama amsa laifi. Wata baiwar Allah, wadda a da nake kira Yaya, ta shelanta wa duniya cewa "wasu" sun ɗauke mata labari, sun sauya wa taurarinsa suna, sun fitar da shi a matsayin nasu. Ba ta kama suna ba, ni ma ba zan kama ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, waɗanda suka daɗe tare da mu kuma sun san yadda aka faro.

Labarin da ake kukan an sace shi ne na mutum biyu da ba sa ga-maciji da juna a fili, alhali a ɓoye su ne abokan wasiƙar juna, kowanne yana zuba sirrin zuciyarsa a takarda ba tare da ya san hannun da yake buɗe ambulan ɗin ba. Wannan ce gonar da baiwar Allah take iƙirarin ta gada. A shekarar 1937 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na Miklós László a birnin Budafes na ƙasar Hangari, a kan ma'aikata biyu na wani shagon turare da suke wuni suna cacar baki, kowanne kuma yana rubuta wa masoyin da bai taɓa gani ba, ashe juna suke rubuta wa. A 1940 aka mayar da shi fim a Amurka, a 1963 ya zama wasan waƙe, a 1998 aka sake yin fim da shi, saƙon imel ya maye gurbin takarda da kan sarki. Ita kuwa ƙiyayyar da take rikiɗa ta koma so bayan wasiƙa guda ta warware rashin fahimta, marubuciyar Ingila Jane Austen ta fitar da ita a littafi tun 1813. Idan baiwar Allah ta girmi waɗannan shekaru, ina ba ta haƙuri, ina kuma yi mata barka da tsawon rai.

Ƙashin bayan labarin na kowa ne, kamar yadda hanya take ta kowa. Inda ake gane marubuci shi ne muryar wasiƙun. Idan aka rufe sunan da ke ƙasan takarda, ya kamata mai karatu ya gane wanda ya rubuta tun daga jimla ta biyu, saboda kowane mutum yana da kalmomin da yake so, yana da abin da yake kewaya wa idan ya zo kansa, yana da irin barkwancin da yake fakewa a bayansa idan kunya ta kama shi. Bayan haka, dole wannan murya mai taushi ta takarda ta kasance ta mutumin nan mai kaifin harshe da muka gani da rana, har mai karatu ya riƙa jin zafin yadda suke cutar da juna a fili da bakin da suke lallashin juna da shi a ɓoye. Ni na kwashe wata bakwai a kan wannan kaɗai, ina rubutawa ina yagawa. A wani littafi da na sani kuwa, saurayin da budurwar numfashi ɗaya suke yi, karin magana ɗaya suke jawowa, kuskuren rubutu ɗaya suke maimaitawa, har mutum ya fahimci cewa babu mutum biyu a wurin. Akwai dai mai rubuta wa kanta wasiƙa, ta kuma ba kanta amsa.

Sai batun dalilin gabar. Bangazar juna a bakin ƙofa ba ta isa ta riƙe babi arba'in ba, kuma harara ba hujja ba ce. Dole a sami abin da ɗaya zai rasa idan ɗayan ya samu, ko wani rauni na gaske da aka yi wa juna, in ba haka ba sulhun ƙarshe ba shi da nauyin komai. Labarin zamani kuma yana da tambayar da na 1937 bai sha wahalarta ba: mutanen da kowannensu yake riƙe da waya mai kyamara, me ya hana su neman hoton juna ko kiran bidiyo? Marubuciyar da ta girmama masu karatunta za ta gina dalili mai ƙarfi. Wata kuwa ta ɗauka cewa idan ta kau da kai, mu ma za mu kau da namu.

Wurin da ya fi kowanne wuya shi ne ranar da ɗaya ya riga ɗayan gano gaskiya. Daga wannan rana duk wasiƙar da ya rubuta ta zama yaudara, domin yana karanta zuciyar mutumin da bai san ana karanta shi ba, kuma tilas labarin ya sa shi ya biya wannan bashi kafin a yafe masa. A wancan littafin, an gano gaskiya a shafi ɗaya, an yi dariya a na biyu, an rufe. Ban yi mamaki ba, domin mai rubuta wa kanta wasiƙa ba ta taɓa sanin zafin jiran amsa ba.

Ba don ana ganin haƙurina kamar tsoro ba, da ban faɗi wannan ba: babi goma sha ɗaya na farkon wancan littafi ta hannuna suka bi. Ni na raba dare ina gyara su lokacin da nawa aikin yake ajiye, ni na ce a raba muryoyin, aka ce mini masu karatu ba sa lura da irin wannan. Ko godiya ta layi ɗaya ban gani ba, ban kuma nema ba. Yau ni ce ɓarauniya? Ni da na buɗe ƙofa na ba da wurin zama? Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma ba zan yi ƙaryar cewa dariya kawai na yi ba. Kwanan watan da na fara rubuta nawa yana nan a kwamfutata, saƙonnin da aka riƙa turo mini ana cewa "ƙanwata, duba mini wannan" su ma suna nan, ko ɗaya ban goge ba.

Masu karatu suna lura, Yaya. Sun lura har da masoyan nan huɗu masu sunaye daban-daban da suke fitowa yabon littafin a cikin sa'a guda, dukkansu kuma suna tuntuɓe a kan kalma ɗaya, daidai inda taurarin littafin suke tuntuɓe. Ashe sana'ar ba a cikin littafi kaɗai ta tsaya ba, har a waje ana rubuta wa kai wasiƙa, ana ba kai amsa.

Babi na gaba na nawa labarin zai fito ranar Juma'a in Allah ya yarda, kuma a cikinsa ne budurwar za ta gane rubutun hannun da ta daɗe tana jira a kan takardar mutumin da ta fi tsana. Mai neman abin da aka sace mata ta zo ta karanta a tsanake, idan ta ga jimla ɗaya tata ta ɗaga ta kowa ya gani, ni kuma a ranar zan fito da saƙonnin.