Motar da ke warkewa da ta ga bakanike

Tsohuwar motata ta ɓullo da wani sabon iskanci. Da safe kik ɗaya take tashi, amma da inji ya ɗau zafi sai ta fara fizga, ta yi tari, ta mutu murus, kuma ba ta tashi mutuwa sai a tsakiyar titi inda na baya zai danna min hon sai ka ce ni na kashe ta da gangan. In na murɗa makulli kik na juyawa ƙarrr amma inji ko gezau, in na bar ta ta huce sai ta tashi abinta.

Abin haushin, duk ranar da na kai ta gareji sai ta zama ta kirki. Bakanike ya taka totur, ya kasa kunne, ya dube ni ya ce "Oga, motar nan fa ƙalau take." Wallahi maƙaryaci ta mai da ni. Don kar in tafi hannu rabbana ya canza fulogi, na dawo ya canza koyil mai ba fulogi wuta, na sake dawowa ya fara hararar famfon mai, alhali ana murɗa makulli ana jin kukansa daga tanki.

Wani mai wayarin ne ya ce a daina duba, a sa mata kwamfuta. Ya jona a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, sai ga lambar matsala P0335 ta fito. Ya ce "Yallaɓai, sensar kiranshaf ce, ita ke gaya wa kwamfutar mota yadda inji ke juyawa, in ta yi shiru ba wuta a fulogi." Da koyil ɗaya ne ya mutu ai inji rawa zai yi kawai, lambar ma irin su P0301 za ta fito, ba ya ɗauke gaba ɗaya ba.

Muka bar ta a silo muka zauna gadin ta, ni ina ta addu'ar Allah ya sa ta mutu, abin da ban taɓa roƙo ba. Can ta ɗauke ɗif, na miƙe ina tafi. Ya ba ta kik, allurar gudun inji ko motsi, ya duba fulogi ba tartsatsi. Ya ɗan tsiyaya wa sensar ruwan sanyi, aka murɗa makulli, vuum.

Sensar nan wata 'yar aba ce da ba ta wuce babban yatsa ba, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita. Yanzu but ɗina cike yake da lafiyayyun fulogi da koyil, mai so ya yi magana.